Yadda ake kare bangon wurin wanka daga ruwa a ƙasar Haɗejiya

A galibin garuruwan arewacin Najeriya, ruwan da ke yi wa bangon banɗaki barazana shi ne wanda mai wanka ke watsawa. A Haɗejiya da sauran garuruwan da ke bakin koginta kuwa, bangon na shan ruwa ta fuska biyu: na wanka daga ciki, da kuma wanda ke tasowa daga ƙarƙashin ƙasa.

Wannan ne ya sa aikin da ake ɗauka na ƙarshe a gini, wato shafe bangon wurin wanka da liƙa masa tayil, yake buƙatar natsuwa a wannan yanki fiye da wurare da dama. Gida kan yi kyau daga waje, banɗakinsa na sheƙi, amma bayan damina biyu ko uku sai a ga fentin ɗakin da ke maƙwabtaka da shi ya fara kumbura, farin gari kamar kanwa na fitowa daga gindin bango, tayil kuma na yin ƙarar kwalba idan an ƙwanƙwasa shi. A gidan bulo hasarar ta kuɗi ce. A gidan ƙasa kuwa takan kai ga faɗuwar katanga, wani lokaci a kan masu barci.

Ƙasar da ruwa ke kusa

Kogin Haɗejiya ya samo asali ne daga haɗuwar kogunan Kano da Challawa. Yana ratsa jihar Jigawa ta wajen Ringim, ya wuce Haɗejiya, sannan ya bazu a cikin fadamun da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru, kafin ruwansa ya haɗu da na kogin Jama'are su nufi tafkin Chadi ta kogin Yobe. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai, saboda haka ruwa ba ya gaggawar wucewa. Wani ɓangare na fadamun, wato tafkin Nguru da mashigin Marma, shi ne wuri na farko a Najeriya da aka sanya cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a shekara ta 2000.

Madatsun ruwa na Tiga, wanda aka kammala a 1974, da na Challawa, wanda ya biyo baya a 1992, sun sauya ɗabi'ar kogin. A da yakan cika da damina ya ƙafe da rani. Bayan gina madatsun sai ya zama ana samun ruwa a cikinsa har da rani, lamarin da ya ba ciyawar kacala damar yaɗuwa. Ciyawar da yashin da ke taruwa a gindinta suka toshe hanyoyin ruwa da dama, ta yadda idan kogin ya kawo a watannin Agusta da Satumba yakan malala inda ba a zata ba. Ƙananan hukumomin Auyo, da Kafin Hausa, da Guri, da Kirikasamma, da ita kanta Haɗejiya, sun ɗanɗana wannan a ambaliyar 2018, da ta 2020, da kuma ta 2022, wadda ta hallaka mutane fiye da 600 a faɗin Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Sai dai ga mai gini, ambaliyar da ake gani da ido rabin labarin ce. Ko a shekarar da jinga ta riƙe, ruwa bai shiga gari ba, ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan taso kusa da doron ƙasa a unguwannin da ke gangare. Bulo da filasta suna da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma suna zuƙar ruwa sama kamar yadda lagwani ke zuƙar kananzir. Damshin kan hau har kimanin mita ɗaya daga ƙasa. Idan ya kai inda iska ke bugunsa sai ya bushe, ya bar gishirin da ya ɗauko daga ƙasa. Gishirin nan shi ne farin garin da ake gani, kuma shi ne ke cinye filasta sannu a hankali.

Ƙasar kuma iri biyu ce. A kan jigawa akwai rairayi mai tsotse ruwa nan da nan. A fadama kuwa laka ce mai kumbura idan ta jiƙa, ta tsage idan ta bushe. Ginin da ke kan laka yakan ɗan motsa tsakanin damina da rani, motsin da ba a ji, amma ya isa ya tsaga layin tayil daga kusurwa zuwa kusurwa.

Makewayin magabata

Gidan Bahaushe na gargajiya ya warware yawancin wannan matsala ne ta hanyar nisanta ruwa daga ɗakin kwana. Makewayi na can ƙuryar gida, a kewaye da zana ko gajeriyar katanga, ba rufi. Mai wanka na amfani da ƙwarya ko bokiti guda, yana tsugune a kan dutse ko tsakuwa, ruwan ya bi kwata ya fita. Abin da ya fantsama a bango, rana ta busar da shi kafin azahar. Idan gindin katanga ya zaizaye, a yi masa yaɓe da kaka ko da rani, a kuma jera masa tsingaro ko duwatsu.

Inda ake son bango ko daɓe ya jure wa ruwa sosai, magina na da dabarunsu. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ana jiƙa ta a yayyafa a daɓe ko a kwaɓa ƙasar shafe da ruwanta. Wanda ya fi ta ƙarfi shi ne laso, haɗin katsi na marina da gashin jima da ruwan dafara. Da laso ake shafe rufin soraye na sarakuna da attajirai, da shi kuma ake shafe cikin rijiyoyin rini irin na Ƙofar Mata a Kano, waɗanda ke riƙe ruwan baba shekara da shekaru. Abin lura game da waɗannan kayayyaki shi ne suna korar ruwa daga fuskar bango ba tare da sun hana bangon numfashi ba. Damshin da ya shiga yana da hanyar fita.

Gidan zamani ya juya wannan tsari. Banɗaki ya shigo cikin ɗaki, ya sami rufi da 'yar taga, aka binne bututun ruwa a cikin bango, shawa kuma na zuba ruwa a tsaye daga saman kai. Ruwan ya ƙaru, rana ta daina shiga. Buƙatar ma ta ƙaru: a watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da dukan ƙananan hukumominta 27 suka rabu da bahaya a fili, kuma gangamin da ya kai ga hakan ya sa gidaje masu yawa sun gina makewayi, galibi haɗe da wurin wanka.

Abin da tayil ke iya yi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar tayil a matsayin maganin ruwa. Fuskar tayil mai sheƙi ba ta shan ruwa, gaskiya ne. Amma tsakanin kowane tayil da ɗan'uwansa akwai layi da ake cikewa da farin siminti ko garin cike na musamman, kuma wannan layin yana shan ruwa. Bayan tayil ɗin bango na yau da kullum ma yumɓu ne gasasshe da kan sha ruwa fiye da kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa. Nau'in da ake kira fosilin ne kawai ba ya shan abin da ya wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari.

Saboda haka ruwa na kaiwa bayan tayil a kowane wurin wanka a duniya. Tambayar ita ce me zai tarar a can. Idan ya tarar da shimfiɗar da ke hana shi wucewa, zai gangara ya bushe. Idan ya tarar da filasta tsura a kan bulo, zai shige, ya fito a ɗakin da ke baya.

A Haɗejiya akwai ƙarin illa. Bangon da ke zuƙar damshi daga ƙasa yana fitar da shi ne ta fuskokinsa biyu. Idan aka rufe fuska ɗaya da tayil, dukan damshin sai ya koma ɗaya fuskar, ya kuma ƙara hawa sama yana neman mafita. Masu gida da dama, ganin fenti na lalacewa a ɗakin kwana, sukan liƙa wa wannan fuskar ma tayil zuwa ƙugu. Bayan shekara guda tabon ya bayyana a saman sabon tayil ɗin. An dai kora shi sama ne, an kuma ɓoye ɓarnar da ke ci gaba a ciki.

Aikin da ake yi kafin tayil

Ga mai sabon gini, kariyar bangon wurin wanka tana farawa ne tun daga harsashi. Magina a Najeriya na kiran matakin da harsashi ya ƙare bango ya fara da suna DPC, wanda asalinsa sunan shimfiɗar hana damshi ne. A gine-gine da yawa sunan kawai ya rage, ana zuba kankare a wuce ba tare da an shimfiɗa komai ba. A yankin fadama wannan rowa ce mai tsada. Ana buƙatar leda mai kauri a ƙarƙashin kankaren daɓe, da shimfiɗar kwalta ko ledar gini a faɗin bango gaba ɗaya, aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje. Shi kansa daɓen gidan ya kamata ya ɗara alamar da ambaliyar baya ta bari a bangon maƙwabta. Wannan alama ta fi duk wani zanen gida faɗin gaskiya.

Bayan an tada bango, mai aikin famfo ne ke fara shiga. Ya sassaƙa hanyar bututu, ya jera su, sannan a toshe bakunansu a sako ruwa daga tanki, a bar su cike kwana guda ana duba kowace mahaɗa. Ɗigo ɗaya a mahaɗar da aka binne ya isa ya jiƙa bango shekaru ba a san inda ruwan ke fitowa ba, kuma gyaransa sai an fasa tayil. A wannan mataki ne ake tsai da tsayin famfo, da wurin zaman mai alwala idan ana so, da inda za a kafa ƙarfen dafawa saboda tsofaffi. Haka nan nan ne magidanta da dama ke lura da alƙibla, domin kada mai biyan buƙata ya fuskance ta ko ya ba ta baya. Malaman Malikiyya sun sassauta hukuncin a cikin ginannen makewayi, amma juya mazaunin tun kafin a binne bututu ba ya cin ko kwabo.

Sai filasta. Ma'aunin da aka saba da shi a wurin ruwa shi ne kwano ɗaya na siminti ga kwano uku ko huɗu na yashi, kaurinsa milimita 12 zuwa 15. Yashin kogi na da kyau idan an tankaɗe shi, amma wanda aka kwaso daga bakin fadama yakan zo da laka, laka kuwa tana raunana siminti. Gwajinsa mai sauƙi ne: a zuba yashin a kwalba da ruwa, a girgiza, a ajiye. Idan laka mai kauri ta kwanta a saman yashin, to a wanke shi ko a nemi wani. Ana sayar da garin hana ruwa da ake zubawa a kwaɓin, kuma yana taimakawa, sai dai ba ya toshe tsaga idan bango ya motsa.

Filasta na buƙatar shan ruwa safe da yamma na aƙalla kwana bakwai, kuma siminti ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28. A lokacin hunturu, da kuma zafin Maris da Afrilu, iska na busar da shi kafin ya kama, ya fito da ƙananan tsagogi kamar gindin tafki da rani. Birkilan da ke son ya gama ya karɓi kuɗinsa zai so a ɗora tayil washegari. Mai gida ne zai hana.

Bayan filasta ya kama ne ake shafa abin da shi ne ainihin garkuwar bango. Akwai nau'in da ke zuwa gari da ruwa a haɗa, akwai mai kama da fenti mai kauri wanda ke zama roba idan ya bushe. Ana shafa shi da buroshi sau biyu, na farko a kwance, na biyu a tsaye bayan na farkon ya bushe. A wurin da shawa ke zuba ana kai shi tsayin mita 1.8 ko fiye, a sauran bangon banɗakin kuma aƙalla santimita 15 daga daɓe, daɓen kuwa gaba ɗayansa. Inda bango ya haɗu da daɓe, da inda bango biyu suka haɗu, da kewayen kowane bututu, nan ne ruwa ya fi samun hanya, don haka ake liƙa ƙyallen raga a cikin shafin farko domin ya riƙe kusurwar ko da ta motsa. Kwalta na hana ruwa sosai, amma tayil ba ya kama ta, shi ya sa ta fi dacewa da harsashi da bayan bango.

Gwajin ƙarshe shi ne a toshe magudana, a tara ruwa a daɓen kamar tsayin yatsa, a sa alama, a dawo bayan sa'o'i 24. Idan ruwan ya ragu fiye da abin da iska za ta ɗauka, ko aka ga jiƙa a bayan bango, gyara a wannan rana kuɗin buroshi ne kawai.

Ɗora tayil

Yawancin tayil da ake amfani da shi a Jigawa ta Kano yake biyowa, mai nisan kimanin kilomita 200 daga Haɗejiya, wani daga masana'antun cikin gida da ke jihohin Kogi da Ogun, wani kuma daga Sin, ko Spain, ko Italiya. Ana ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan abin da aka auna saboda yanka da fashewa, kuma yana da kyau a ajiye kwali guda, domin da wuya a sake samun launi iri ɗaya bayan shekara biyu.

Hanyar da masu aikin tayil suka gada ita ce a jiƙa tayil a ruwa, a ɗora masa kwaɓaɓɓen siminti a baya, a manna. Tana aiki da tayil mai shan ruwa a kan filasta tsura. A kan bangon da aka shafa wa maganin ruwa kuwa, ko da tayil fosilin, siminti kaɗai ba ya riƙewa, sai da garin gam na tayil, wanda ake shafawa a bango da cokali mai haƙora. Ko da wacce hanya aka bi, abin gudu shi ne ɗora dunƙule huɗu ko biyar a bayan tayil a bar sauran fanko. Wannan fanko matattarar ruwa ce, kuma gidan kyankyasai.

Ba a fara jeri daga daɓe, domin daɓen wurin wanka a karkace yake da gangan. Ana kafa miƙaƙƙen katako a daidai tsayin layi na biyu, a auna shi da ma'aunin ruwa, a hau sama daga nan, sai an gama daɓe a yanko layin ƙasa ya sauka a kansa. Ta haka ruwan da ya gangaro daga bango zai faɗa kan tayil ɗin daɓe maimakon ya shige bayansa. Ana barin tazarar milimita biyu zuwa uku tsakanin tayil da tayil. Masu gida da yawa sun fi son a matse su har layin ya ɓace, amma layin da ya yi siriri ba ya karɓar cike, kuma ba ya barin wurin motsi.

Daɓen na gangarawa zuwa magudana da kimanin santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita. Ga Musulmi wannan ya wuce batun gini, domin ruwan da ke kwanciya a banɗakin da ya haɗa masai da wurin wanka yana jefa shakka a tsarkin ƙafa da tufa. Gwajinsa bokiti ɗaya ne: a watsa, a ga ko ruwan ya tafi da kansa ba tare da tsintsiya ba. Kada kuma a shimfiɗa ragowar tayil ɗin bango a ƙasa. Santsinsa da sabulu ya karya ƙugun dattawa da yawa.

Kusurwoyi ba a cike su da farin siminti, saboda nan ne gini ke motsi, kuma siminti zai tsage. Silikon ake matsawa, mai maganin funfuna, a kan busasshen wuri mai tsabta. Shi ma ba na har abada ba ne. Idan ya yi baƙi ko ya fara ɓanɓarewa, a kankare shi duka a sa sabo.

Baho da allunan roba

Bahon wanka irin na Turawa bai samu karɓuwa sosai a yankin ba, kuma dalilin a fili yake. Cika shi na cin lita 150 ko fiye, wato jarka shida ta 'yan garuwa, alhali bokiti ɗaya ya wadatar da mai wanka. Da yawa daga cikin waɗanda aka kafa a manyan gidaje sun koma wurin tsayawa a yi wanka da bokiti, ko wurin tara ruwa.

Wanda ya ce sai ya kafa, ƙa'idar ita ce baho ya riga tayil. Ana zaunar da shi daram a kan ƙafafunsa ko a kan gadon bulo, a ɗan shigar da leɓensa cikin bango, tayil ya sauko a kan leɓen da 'yar tazara. Kafin a matsa silikon a tazarar, sai a cika bahon da ruwa, a bar shi cike har silikon ya bushe. Dalili shi ne baho na ɗan nutsewa idan ya ɗauki nauyin ruwa da na mutum, kuma silikon da aka sa yana fanko zai yage a wankan farko. A gefen bahon ana barin 'yar ƙofa da za a iya buɗewa a duba bututun ƙasa. Masu aiki kan toshe ta da tayil don kyan gani, ranar da bututu ya yoyo kuma sai guduma.

A Amurka da Kanada, inda ake gina yawancin gidaje da katako da allon farar ƙasa, an fi kewaye baho ko shawa da manyan allunan roba guda uku ko biyar, waɗanda ake mannawa da gam a rufe mahaɗarsu da silikon. Amfaninsu shi ne ba su da layukan da ruwa zai bi, kuma mutum ɗaya na gama aikin a yini guda. Sai dai an ƙera su ne domin bango busasshe, miƙaƙƙe. A kan bulon da ke zuƙar damshi gam ɗin na saki, bayan allon kuma ya zama duhu mai laima da ba mai ganinsa. Allunan robar silin da wasu ke bugawa a bangon banɗaki don rufe tabo ma haka suke. A yankin fadama ba su dace ba sai a bangon da aka tabbatar an raba shi da damshin ƙasa.

Ga wanda tayil ya fi ƙarfinsa, filasta mai kyau da aka goge fuskarsa da ruwan siminti har ya yi sumul, a kan maganin ruwa, ya fi tayil mai tsada da aka liƙa a kan bango tsura.

Idan gidan na ƙasa ne

A ƙauyukan masarautar Haɗejiya da tsofaffin unguwannin gari, gidaje da dama na ƙasa ne, kuma nan ne kuskure ya fi muni. Siminti da ƙasa ba sa zama tare. Ƙasa na kumbura ta motse, siminti ba ya bin ta, don haka filastar kan rabu da bangon ta zama kamar ɓawo. Ruwa ya shiga ta sama ko ta tsaga, ya rasa hanyar fita, ƙasar da ke ciki ta yi laushi alhali waje na nuna lafiya. Ƙarin nauyin tayil na gaggauta rabuwar. Katangar da aka yi wa yaɓe tana nuna ciwonta tun da wuri. Wadda aka rufe da siminti takan faɗi ne ba sallama.

Mafita mafi aminci ita ce a gina wurin wankan daban da bulo ko jan bulo, a kan nasa harsashin, da tazara tsakaninsa da bangon ƙasa ta yadda iska za ta ratsa. Idan wuri ya yi ƙaranci, a tada siririn bangon bulo daga ciki, a bar ɗan sarari a bayansa, shi za a yi wa filasta da tayil. Kada bangon wanka ya zama shi ne bangon ɗakin kwana, kada kuma ya zama katangar maƙwabci. Wannan tsohuwar magana ce a fiƙihun Malikiyya. Ibn al-Rami, wani magini na birnin Tunis da ya rayu a ƙarni na 14 kuma alƙalai ke neman shawararsa, ya rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini, inda ya yi bayanin hana mutum haƙa masai ko magudana da za ta cutar da bangon maƙwabcinsa.

Inda ruwan zai tafi

Bango mai kyau ba shi da amfani idan ruwan da ya fita ta magudana ya koma gindinsa. Bututun fita ya kamata ya yi nisa da harsashi kafin ya zubar, ramin sokawe kuma kada ya matso kusa da gini.

A nan ma ƙasar Haɗejiya na yaudarar baƙo. Ramin da aka haƙa a watan Afrilu yakan fito a bushe har ƙasa, amma a Satumba ya cika da ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya daina karɓar komai, har ya maido da ƙazanta cikin banɗaki ta magudana. Kafin haƙa, a tambayi inda ruwan rijiyar unguwa ke tsayawa a ƙarshen damina. Masana tsabtar muhalli na ba da shawarar a bar aƙalla mita ɗaya da rabi tsakanin gindin ramin masai da ruwan ƙasa, da kuma tazarar mita 30 tsakaninsa da rijiya inda hali ya yi. Inda ruwan ya yi kusa, ana ɗaga ramin sama da ƙasa a gina shi da bulo, a raba ruwan wanka da na masai domin kada ramin ya cika da wuri. Muhimmancin hakan ya bayyana a 2021, lokacin da cutar kwalara ta kashe mutane fiye da 3,000 a Najeriya, Jigawa na sahun gaba a yawan waɗanda suka kamu.

Bayan ruwa ya janye

Banɗakin da ambaliya ta shiga yakan yi kamar bai ji komai ba da zarar an wanke laka. Bangon da ke bayan tayil kuwa a jiƙe yake sharkaf, kuma bulo mai inci tara na ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, kafin ya bushe. Ana fara wanke ko'ina da ruwan bilic, a buɗe ƙofa da taga, kada kuma a kunna na'urar dumama ruwa ko wani soket na banɗakin sai mai aikin lantarki ya duba.

Daga nan a bi tayil ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa da gindin cokali. Wanda ya yi ƙarar fanko a sa masa alama, a cire shi kafin ya faɗo a ƙafar wani. Filastar da ta yi gari a ɗaya fuskar bangon a kankare ta har a wuce iyakar tabon, a goge farin gishirin da busasshen buroshi, domin ruwa na mayar da shi cikin bulo ne. Don sanin ko bango ya bushe, ana manna yankin leda a jikinsa a rufe gefunan da salatif, a bar shi kwana biyu. Idan raɓa ta taru a bayan ledar, lokacin gyara bai yi ba. A mafi yawan shekaru, bangon da ya sha ruwa a Satumba ba ya karɓar sabuwar filasta sai iskar hunturu ta ratsa shi, wajen Disamba ko Janairu.